Zanen da Ya Tsaya a Wuya

Tagogi kawai aka aike shi ya rufe.

Hadari ya haɗo da yamma lis, sai Malam ya tuna ya bar tagogin ɗakin zane a buɗe, ga ayyukan ɗalibai jere a jikin bango. Ya waiwaya a bakin ƙofar makaranta, bai ga kowa ba sai Sha-Yanzu zaune a kan babur ɗin da ba nasa ba, yana shara wa 'yan aji ɗaya ƙarya.

"Kai, mashiririci, zo nan. Ungo makulli. Ka rufe tagogi, ka kulle ɗakin, ka kawo mini shi da safe."

"An gama, Malam."

"Ka haɗo da zanen mutum. Gobe ne ƙarshe. Mutum mai rai, zaune a gabanka, ba hoton waya ba. In babu, kada ka ƙara taka mini aji."

"Haba Malam, ni da ko ido a rufe..."

"Da idon a buɗe ma me ka tsinana?"

'Yan aji ɗaya suka kwashe da dariya. Sha-Yanzu ya taya su, don shi ba a yi masa dariya ya tsaya kallo.

Sunan nan ba a banza ya samo shi ba. Komai nasa sha yanzu ne, magani yanzu. Ya shigo makarantar ne don ya koyi tsara tambari da allunan talla a kwamfuta, ya yi suna, a riƙa nuna shi a titi. Ba wanda ya gaya masa sai ya shekara yana ƙura wa kwalba ido, da kujera, da wani tsoho da ake kira Baba Mai-Zama, wanda sana'arsa ke nan ya hau dandamali ya zauna kamar an dasa shi, ɗalibai su zana shi. Malam yana da ƙa'ida biyu. Ta farko, ka miƙe hannu, ka kanne ido ɗaya, ka auna mutumin da fensir kafin ka taɓa takarda. Ta biyu, in ka fara, idonka a kan mutum, gawayinka a kan takarda, ba leƙe, ba ɗagawa. Yakan ce idonka tururuwa ce mai tafiya a jikin mutumin, hannunka kuma bawanta ne, inda ta bi nan zai bi.

Sha-Yanzu ya ce awo ai na Yayansa ne, shi ne tela. Lokacin da wasu ke bin tururuwa, shi yana can yana sa wa kwarangwal ɗin aji hula da baƙin tabarau. Ranar da ya fi alfahari da ita kuwa, ita ce wadda ya riga kowa zuwa, ya hau dandamali, ya lulluɓa da babban mayafin nan mai ruwan toka da ake koyon zanen ninkin tufa da shi. Sai da 'yan mata suka kafa alluna suka nutsu, sannan ya yi atishawa. Har yau akwai wadda ba ta gaishe shi.

To, shi ne ya hau benen yana kaɗa makulli a yatsa, yana fito.

Benen shiru. Warin fenti da na kananzir ɗin wanke buroshi ya tare shi tun daga matakala. Ya buɗe ƙofa, ya danna makunni, wuta ba ta kawo ba. Hasken da ya rage na tagogi ne, dishi-dishi, irin na gab da magariba. Allunan zane suna tsaye a kan ƙafafunsu uku-uku, sun yi da'ira, iska tana kaɗa takardunsu, fat, fat, fat.

Ya rufe tagogin gabas. Ya juyo zai nufi na yamma, sai ya ga mutum a kan dandamali.

A zaune yake kan kujerar Baba, ya lulluɓa da mayafin nan tun daga kai har ƙasa.

Sha-Yanzu ya riƙe ciki don dariya. "Kai jama'a! Da dabarata za a tsorata ni? Ni na ƙirƙiro ta fa. Wane ne? Fito, ko in zo in zauna a kanka."

Mayafin bai motsa ba. Iskar da ke kaɗa takardu ma ba ta taɓa shi ba. Wani wari ya zo hancin Sha-Yanzu, na tokar da aka kashe da ruwa.

"Baba Mai-Zama? Kai ne? Barci ya sace ka har aka kulle da kai?"

"Jira nake."

Muryar siririya ce, a bushe, kamar ana goga gawayi a takarda.

"Jiran wa, Baba?"

"Mai zane."

Faɗuwa ta zo daidai da zama. Sha-Yanzu ya manta da sauran tagogin. Ya jawo allo, ya maƙala sabuwar takarda, ya zaro gawayi mai kauri daga gwangwanin Malam, ya haye doguwar kujera.

"Ga mai zane ya zo, Baba, babba ma kuwa. Kafin a kira salla na gama da kai."

"In ka fara ni, za ka ƙarasa ni?"

"Ni ban taɓa barin abu rabi ba, in ban da wanki."

"Ka ce za ka ƙarasa."

"Na ce zan ƙarasa. Yaye mayafin mana, ko buhu zan zana?"

"Daga ƙasa," in ji muryar.

Gefen mayafin ya ɗaga kaɗan. Abin da ya fito ƙafa ce, amma ba ta fito sosai ba. Kamar zanen da aka murje da tafin hannu, ga inuwarta, babu iyakarta. Sha-Yanzu ya ɗora wa duhu laifi. Ya dafa gawayi a takarda da ƙarfi, irin na gwanaye, ya ɗora ido a kan babban yatsa, ya ja.

Abin ya ba shi mamaki. Tun da ya shigo makarantar nan hannunsa bai taɓa tafiya haka ba. Gawayi yana zamewa kamar a kan mai. Ya zagaye yatsa, ya faɗa kwarin da ke tsakaninsa da na kusa, ya hau, ya sauka. Kuma duk inda idonsa ya wuce, sai wurin ya fito fes. Ga fata. Ga jijiya. Ga farce.

"Ina ma Malam na nan," ya ce. "Da yau ya ba ni kujerarsa."

Farcen babban yatsan baƙi ne, ya tsage a gefe.

Sha-Yanzu ya ɗan yi murmushi. Shi ma haka nasa yake, tun ranar da ya doki dutse a madadin ƙwallo. Ya so ya motsa yatsan a cikin takalmi, don kawai ya gaisa da ɗan'uwansa.

Bai ji yatsan ba.

Zama ne, ya ce a ransa. Kujerar nan ce ke kashe ƙafa. Gawayi ya zagaye diddige, ya hau idon sawu. Mayafin yana ja sama da kansa, a hankali, yana ba shi hanya. Wani sanyi ya kama tafin ƙafarsa, ya fara hawa, daidai da tafiyar gawayin.

A ƙaurin hagu akwai tabo, dogo, mai sheƙi. Ƙunar salansar babur.

Wannan kam ya san shi. Ya san ranar, ya san babur ɗin, ya san irin faɗan da Umma ta yi tana shafa masa magani.

"Baba," ya ce, muryarsa ta ragu. "Kai ma ka taɓa ƙonewa a nan?"

"Yanzu dai na ƙone."

Sha-Yanzu ya ce bari ya leƙa takardar. Leƙe ai gadonsa ne, kullum a kansa Malam ke ƙwala masa magogin allo. Ya nemi ya sauke ido.

Idon ya ƙi.

Ya nemi ya ɗaga gawayin. Hannun bai ma san ana magana da shi ba. Yana can yana zagaye gwiwa, a natse, da irin haƙurin da mai shi bai taɓa yi ba.

Ruwa ya sauko. Tagogin da bai rufe ba suka fara bugun bango. Feshi yana shigowa, yana jiƙa ayyukan mutane. Can nesa aka kira salla, iska ta yayyanka kiran ta watsar.

"Baba, an kira salla. Mu bari sai gobe."

"Ka ce za ka ƙarasa."

"Wasa nake. Kowa ya san ni da wasa. Tambayi kowa."

Sai ƙarar gawayi. Shuu. Shuu.

Cinya ta tafi. Ƙugu ya tafi. Ya ji kansa kamar wanda ke shiga rijiya da ƙafa, ruwan yana hawa. A kan dandamali kuwa ƙafafu biyu suna motsa yatsu, ɗaya bayan ɗaya, kamar mai gwada sabon takalmi.

Ya fara addu'a. Duk wadda ya kamo sai ta tsinke masa a tsakiya. Ya sake kamo wata. Ya kira Umma. Ya kira Yaya. Ruwan sama ya shanye muryar tun ba ta kai ƙofa ba.

Wayarsa ta yi ruri a aljihun wando. Ya ji ƙarar, bai ji motsinta a jikinsa ba. Ya tura hannun hagu zai ɗauko, amma gawayi ya riga shi. Ya bi ta wuyan hannun hagun mai zaman, ya zagaye yatsu, har da ƙaramin da ya karkace. Hannun Sha-Yanzu ya faɗi a gefensa kamar igiya.

Wayar ta gaji ta yi shiru.

Gawayi ya hau haƙarƙari, ɗaya bayan ɗaya. Da ya iso ƙirji, Sha-Yanzu ya ga fatar wurin tana bugawa. Dum. Dum. Dum. Da sauri, irin bugun mai tsoro.

Ya saurari nasa ƙirjin.

Ba kowa a ciki.

"Don Allah," ya ce. "Don girman Allah. Me na yi maka?"

"Ba ka yi mini komai ba. Na daɗe a ɗakin nan. Kowa ya zo, wanda ke kan kujera yake kallo. Ba wanda ya taɓa kallona."

"Zan kawo maka wanda ya fi ni. Akwai gwanaye a ajinmu. Ni ban iya komai ba, wallahi ban iya ba, cika baki ne kawai."

"Ka iya."

Hannun dama ya zana hannun dama. Ya ga yatsun can sun lanƙwashe kamar masu riƙe da gawayi. Nasa kuwa suna ta aiki, ba su tsaya ba, sai dai ba nasa ba ne kuma.

Kafaɗa.

Ƙashin wuya.

Sanyin ya iso maƙogwaronsa. Mayafin ya zame, ya rage a kan kai kaɗai. A ƙarƙashinsa babu hanci, babu goshi, babu abin da ya tokare shi. Ya lotsa ciki kamar an rufa shi a bakin tulu.

"Saura kaɗan," in ji mai zaman.

Da muryar Sha-Yanzu ya faɗa.

Sha-Yanzu ya buɗe baki zai yi ihu. Iska ce kawai ta fito. Hawaye na zuba, ba hannun sharewa. Gawayi ya kama gefen wuya, ya miƙe sama, ya nufi muƙamuƙi.

Sama.

Sama.

Ƙas!

Gawayin ya zarce bakin takarda, ya daki ƙarfen da ya maƙale ta, ya karye biyu.

Takarda ta ƙare. Ya fara ƙafa da girma, bai auna ba, bai bar wa kai wuri ba.

Idonsa ya saku. Ya rikito daga kujera, allon ya biyo shi. Haɓarsa ta bugi siminti, ya ji zafin, bai taɓa jin daɗin zafi irin na ranar ba. Jikinsa ya fara dawowa da tsikari kamar ana soka masa allurai, amma a nauyaye, kamar kayan aro. Ya ja ciki.

A bayansa kujerar dandamali ta yi ƙara.

Tafin ƙafa ya taka siminti. Ya san takun. Nasa ne, har da ɗan jan ƙafar hagu.

"Ƙarasa ni."

Abin ba shi da ido. Ya yi karo da allo, allon ya faɗi. Ya yi karo da wani. Gwangwanin buroshi ya tarwatse. Kwarangwal ya kife, ƙasusuwa suka watse har gaban Sha-Yanzu. Hannuwa biyu suna lalube a iska, suna shafa bango, suna shafa ƙasa.

Ya danne numfashi. Ya ja gwiwar hannu. Ya ƙara ja.

Yatsu masu sanyi suka shafi diddigensa.

"Ka ce za ka ƙarasa."

Bai san yadda ya kai ƙofa ba. Matakalar kuwa ba sauka ya yi ba, gangarowa ya yi.

Yayansa ne ya tsince shi a bakin titi, cikin ruwa, bayan ya gaji da kiran waya ya fito nema. Ya ɗora shi a babur, ya ɗaure shi a bayansa da ɗankwalin Umma kamar jariri.

Ya kwana biyu bai yi magana ba. Da muryar ta dawo, ta dawo a bushe, siririya. Yana tafiya, yana cin abinci, amma in ya ɗauki kofi sai ya kalli hannun kafin ya tabbata ya ɗauka. Umma ce ta fara lura, tana shafa masa man zafi a ƙafa. Ta tsaya. Ta juya ƙaurin hagu, ta duba na dama.

"Auta, ina tabonka?"

Fatar sumul, kamar ta jinjiri. A nan ya ba su labari. Yaya ya so ya yi dariya, don ya sha jin irinsa daga bakin nan. Da ya dubi ƙaurin, sai ya fasa.

Ana haka sai ga Malam ya zo dubiya, da takarda a naɗe a hammata. Bai yi maganar makulli ba, bai yi maganar ɓarnar da ruwa ya yi ba. Fuskarsa cike da fara'a, ya warware takardar a tsakar ɗaki.

"Na same shi a ƙasa. Yaro, ashe haka kake? Tun da nake koyarwa ban ga ɗalibi ya kalli jikin mutum haka ba. Kamar zai tashi ya yi tafiya. Sai dai halinka na nan, ba ka auna ba." Ya nuna saman takardar. "Ba komai, kowa ya taɓa yi. Ga shi na ƙara maka wata da gam, ta kama sosai. Fuskar ce kawai ta rage. In ka ji sauƙi, ka ƙarasa."

Farar takarda, sabuwa, manne a saman wuyan. Wurin kai har ya yi yawa.

Sha-Yanzu ya kalli hannunsa na dama. Yatsu uku sun haɗu da kansu, sun lanƙwashe.

Malam na fita Yaya ya ɗauko ashana. Wuta na taɓa kusurwar takardar ta ƙasa, Sha-Yanzu ya ƙwalla ƙara ya riƙe ƙafa. Kafin a kashe, babban yatsansa ya tashi bororo. Yaya ya ɗauko almakashinsa na yanka yadi, ya ce to bari ya cire ƙarin kawai. Bakin almakashi na kama takarda, wani siririn jan layi ya fito a wuyan ƙaninsa. Umma ta riƙe masa hannu.

"Bari! Kashe mini shi za ka yi?"

Suka tsaya su uku suna kallon takarda. Ba ta ƙonuwa, ba ta yankuwa, ba kuma wanda ya yarda a kai ta inda ido ba ya gani, kada ruwa ko ɓera ya same ta.

Yaya ya naɗe ta a hankali, ya sa a akwatin ƙarfe, ya kulle, ya rataya makullin a wuyansa. Ya kwashe duk wani biro da fensir da allin tela da ke gidan, ya kai shago. Umma ta daina girki da gawayi. Makaranta kuwa, ko hanyar ba a ƙara bi da shi ba. In za a kwanta, Yaya yakan ɗaure masa hannun dama a ƙafar gado da ƙyallen yadi mai ƙarfi, ɗaurin da sai da almakashi ake kwancewa.

"Ka matse da kyau, Yaya."

"Na matse. In na ƙara, jini ba zai wuce ba."

"Ƙara dai."

Haka aka yi ta yi, har aka fara sakin jiki. Har Sha-Yanzu ya fara tsokanar Umma, yana ce mata shi ne ɗan da aka ɗaure da girmansa.

Wata safiya ta shigo masa da shayi. Ta fara duba ɗaurin, kamar kullum. Yana nan daram, hannun fes. Ta yi hamdala, ta ɗago za ta miƙa masa kofi, sai ta tsaya tana kallon fuskarsa.

"Auta, me ya sami haɓarka? Ina tabon faɗuwar nan?"

"Me kika gani, Umma?"

Ta ajiye kofin. Ta ja baya.

Ya ɗago hannun hagu, wanda ba a ɗaurewa, zai taɓa. Yatsun baƙi ƙirin da gawayi, har cikin farce.

Ya dafa haɓar. Ya danna. Ya ƙara dannawa.

Bai ji komai ba.